Sitiyarin Baba da Harawar Baffa Sule

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba na jin zan manta da abin da na aikata a ƙofar gidan Baffa Sule a Zoza, ranar ɗaurin auren 'yarsa Rabi. Ko na so mantawar ma ba za a bar ni ba, don har yau in dangi suka taru sai an sami mai zaro waya ya ce, "Ku zo ku ga Auta." Autan ni ne. Na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya, ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Karaye, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma a gidanmu ni Auta ne har gobe.

Bari in fara da motar, don ita ce tushen maganar.

Babanmu yana da wata tsohuwar mota doguwa mai launin madara, wadda ya saya tun yana malamin gona, lokacin da aiki yake kai shi ƙauyukan Karaye da Rogo. Motar ta girme ni. A gida Uwar Ɗaki muke ce mata, kuma ta ci sunanta. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko amare, ta yi jigilar taki da irin gyaɗa, ta kai rabin unguwarmu ta'aziyya garuruwan da ko sunansu ban riƙe ba. Kujerarta ta gaba doguwa ce kamar benci. In ka rufe ƙofarta sai ka ji wani "dum" mai nauyi, ba irin ƙarar gwangwanin motocin yanzu ba.

Aibinta ɗaya ne, sitiyari. In tana tafiya a miƙaƙƙen titi lafiya lau. Amma da an rage gudu za a sha kwana, ko za a juya ta a lungu, to kokawa ta tashi. Saboda haka aka kafa wata ƙa'ida a gidanmu wadda ban taɓa ganin irinta a wani gida ba: duk wanda ya zauna gaba, shi ne ɗan kama. In an tunkari kwana, Baba zai rage gudu, ya gyara zama, ya ce, "To, bismillah." Da jin haka sai na gaba ya kai hannu biyu ya damƙi sitiyarin ta ɓangarensa. In kwanar dama ce ya ja ƙasa da iya ƙarfinsa, in ta hagu ce ya tura sama, Baba kuma yana murzawa ta nasa ɓangaren. Marigayiya Inna ce ta fara wannan aiki, da mayafinta da awarwaronta. Daga ita sai yayyena, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi zamaninsa ya tafi. Ni da nake ƙarshe na fi kowa daɗewa a kujerar, kuma (ba yabon kai ba) Baba da bakinsa ya sha faɗa cewa hannuna ya fi na kowa sanin lokaci. Wani lokaci ma kafin ya ƙarasa bismillar na riga na damƙa.

Ku riƙe wannan a ranku, za ku buƙace shi nan gaba.

To, shekaru suka tura. Kafaɗar Baba ta dama ta fara ciwo, sanyin ƙashi ya shige ta, har ta kai ko da ɗan kama ba ya iya murza nasa rabon. Wata rana ya dawo daga kasuwa ya kasa shigar da motar lungunmu, sai da samari suka tura ta. Daga ranar aka ajiye Uwar Ɗaki a gindin darbejiyar ƙofar gida. Kullum da safe zai fito ya goge ta, ya tayar da ita ta yi ɗumi, ya zauna a ciki yana jin rediyo, sannan ya kashe ya koma gida. Mutumin da shi yake kai mutane unguwa ya koma sai an goya shi a bayan babur, yana riƙe da hula da hannu ɗaya. Ya ƙi jinin abin nan. A hankali ya rage fita. A yi rasuwa a Yola, nan kusa da mu, ya ce in je in yi masa gaisuwa. A yi suna, ya aika da goro. Wallahi ina kallonsa yana ƙanƙancewa a kan tabarma, abin yana cin raina.

Babbar yayarmu, Yaya Binta, ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun rasuwar Inna maganarta ce ƙarshe a gidan. Ita a ganinta a sayar da motar kowa ya huta. Ba mugunta ba ce, ta ga abin da hatsari yake yi wa mutane fiye da yadda ni na gani, kuma tana tsoron wata rana zuciya ta ɗebi tsohon ya hau titi. 'Yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa ma sun ji ƙanshi, sun fara zagayowa suna ƙwanƙwasa jikin motar da ɗan yatsa kamar masu taya rago.

Ana cikin haka na ci karo da wani bidiyo a waya, inda ake ɗaura wa tsofaffin motoci sitiyari mai taimakon lantarki. Na kalla, na sake kalla, na ji kaina ya yi girma. Da muka taru gaisuwar Sallah na miƙe na yi wa 'yan uwa bayani, har da zane a bayan kwalin alewa.

Yaya Binta ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Auta, kai ko fankar ɗakinka ka gyara?"

Aka yi dariya. (Fankar tana nan yadda take, amma wannan wata magana ce daban.)

Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Kana ganin zai yiwu?"

Na ce, "Baba, da ɗan yatsa ɗaya za ka juya ta."

Nan aka yi yarjejeniya a gaban kowa. Da kaka za a ɗaura auren Rabi, 'yar ƙanin Baba, kuma Baba ne waliyyin amarya. In har na gyara motar, shi zai tuƙa ta da kansa daga Karaye har ƙofar gidan Baffa Sule a Zoza, Yaya Binta tana zaune a baya tana gani da idonta. In aka isa lafiya, mota tasa ce, ba mai sake tayar da maganar. In kuwa ko kaza aka ƙwarzana, zai miƙa mata mukulli, a kira 'yan gwangwan. Baba ya ce, "Na yarda."

Damina guda na yi ina zarya garejin Ɗanlami, bakaniken da ya gaji gyaran motar daga mahaifinsa. Da na fara kawo masa maganar ya sosa ƙeya ya ce bai taɓa yi ba, amma in an kawo kaya za a gwada. Muka tafi Kano, muka yini a Ƙofar Ruwa muna bin rumfuna, har muka samo sandar sitiyarin wata ƙaramar mota da aka farfasa, da ɗan injinta na lantarki manne a jiki, bai fi gwangwanin madarar gari girma ba. Shi ne mai aikin. Da direba ya fara murzawa sai ya ji, ya ƙara masa ƙarfi. Wato dai ɗan kama ne, amma na ƙarfe, wanda ba ya gajiya kuma ba ya neman a saya masa gyaɗa a hanya.

Aka yanke tsohuwar sandar, aka yi walda, aka ƙera maƙalin da zai riƙe sabon injin a ƙarƙashin allon gaba. Da aka leƙa ƙasan motar aka tarar duk gaɓoɓin da ke juya tayoyin gaba sun cinye, su ma aka sake su. Gwajin farko batir ya mutu mana a hanyar dam, muka turo ta da ƙafa ana yi mana sannu. Ashe tsohon injin cajin batirin ba zai iya ciyar da baƙon ba, shi ma aka nemo babba. Gwaji na biyu kuwa, mai haɗa waya ya cakuɗa wani abu, duk sanda aka murza hagu sai hon ya ɗau kuka. Haka muka ratsa gari muna gaishe da mutanen da ba mu yi niyyar gaisarwa ba, suna ɗaga mana hannu.

A ƙarshe dai abu ya zauna. Akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa a ƙara laushin sitiyarin ko a rage. Ɗanlami ya tambaye ni inda zai bar shi. Na ce ya ƙure shi. Na yi alkawarin ɗan yatsa ɗaya, kuma ɗan yatsa ɗaya nake so a gani.

Ranar da na kai Baba filin ƙwallon makarantarmu ya gwada, ba zan ɓoye muku ba, na yi ƙwalla. Ya zauna ya kama sitiyarin da hannu biyu, ya ɗaure fuska kamar mai shirin dambe. Na ce, "A hankali, Baba, kamar kana shafa kan jariri." Ya taɓa, mota ta bi. Ya sake taɓawa, ta sake bi. Sai ya saki wata dariya da rabon da in ji irinta tun Inna tana raye. Ya zagaya filin nan ya fi a ƙirga, ya yi baya, ya yi gaba, ya ratsa tsakanin sandunan raga. Kullum da yamma muka riƙa zuwa, ni ina tsaye a gefen fili ina ba da umarni kamar mai horar da 'yan ƙwallo, har hannunsa ya saba sarai.

Daga nan fa bakina ya buɗe. A ɗakin malamai na yi lacca. A majalisarmu ta bakin titi na yi lacca. Mai shayi ya sha bayani, liman ma bai tsira ba. Kuma duk inda na tsaya da gargaɗi ɗaya nake rufewa, ina kaɗa yatsa: "Wannan sitiyarin ba na ƙarfi ba ne. Duk wanda ya saba da tsohon ya kiyaye. In ka fizge shi yadda ka saba, sai dai a tsinto ka a gona." Na faɗa wa Baba, na faɗa wa yayyena ta waya, na faɗa wa matata da ba ta taɓa tuƙa ko keke ba. Ita ce ma ta ce, "Malam, mun ji. Don Allah ka bar mu mu ci tuwo."

Ranar ɗaurin aure ta zo. Baba ya fito da hantsi cikin farar babbar riga da ta sha bugu, ya kafa hula, ƙanshin turarensa har waje. Ni na sa sabuwar shaddata ruwan sararin samaniya, wadda na ɗinka musamman don ranar, saboda na san za a nuna ni a ce ga injiniyan. Na shige gaba na hakimce. Yaya Binta ta shiga baya da ƙullin goro da kayan biki, ta zaro waya ta saita ta daidai kan hannun Baba.

"Me za ki yi da wannan, Yaya?"

"Shaida," ta ce. "Kada gobe a ce Binta ce ta ƙirƙira."

Muka kama hanyar Rogo. Jama'a, tsohon nan ya yi tuƙi. Lokacin kaka ne, hanya cike da babura masu ɗauke da buhuna, da amalanken shanu, da ramukan da damina ta bari. Baba ya riƙa kauce musu ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, gwiwar hannunsa a kan taga, yana nuna mana gonakin da ya taɓa aunawa, yana kiran sunayen masu su da na iyayensu. Garken tumaki ya ratso, ya tsaya cak har suka wuce. Na waiga na ga fuskar Yaya ta fara saki, har tana tambayarsa labarin wani ƙauye. Duk kwanonin da muka sha a babban titi masu faɗi ne, ko a da ba a buƙatar ɗan kama a irinsu, saboda haka hannuwana suna kan cinyata lafiya lau.

Da muka sauka kan hanyar ƙasa muka doshi Zoza, sai na ga lokacin jawabi ya yi. Na juya na fuskanci wayar Yaya, na gyara hula, na ce, "Yaya, ki ɗauka da kyau, ki tura wa 'yan uwanmu na Kano. Kin ga wannan sitiyarin? Ba ya son ƙarfi. Ba ya son hannu biyu. Zamanin kama-kama ya wuce, ya wuce har abada."

Kafin a shiga filin ƙofar gidan Baffa akwai wata tsohuwar tsamiya, kuma a gindinta ake shan wata matsattsiyar kwana zuwa dama. Tun ina ɗan firamare nake kama wa Baba a wannan kwanar, ita ce mafi wuya a duk tafiyar. A hagu an shimfiɗa tabarmi, jama'a sun cika maƙil, mutanen gari da dangin ango da suka zo daga Jajaye, kowa ya zuba ido don labarin motar ya riga mu isowa (ta bakin wa, kun sani). A dama kuma, jikin danga, Baffa ya tara harawar gyaɗarsa ta shekara, tuli guda da ya fi ɗaki tsawo.

Baba ya rage gudu. Ya gyara zama. Ya ce, "To, bismillah."

Wallahi tallahi ban san sanda na yi ba. Kaina yana can yana tsara yadda zan fito in ɗaga wa jama'a hannu, hannuwana kuwa sun riga sun tafi aikinsu. Na damƙi sitiyarin nan da hannu biyu, na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na dafa ƙafa, na fizgo ƙasa.

A da in na yi haka, sitiyarin ne yake tare ni. Ran nan babu abin da ya tare ni. Ya wulwula kamar faifai, na bi shi gaba ɗayana, kaina ya sauka wajen ƙafafun Baba, ƙafafuna suka yi sama. Na ji motar ta yi wata irin juyawa, na ji Baba ya take birki, na ji "fuuu", sai duhu. Tulin harawar nan ya rufto mana gaba ɗaya.

Ƙanshin ganyen gyaɗa ya cika motar. Can na ji muryar Yaya a baya tana jero salati, na ji Baba ya kashe mota a nitse. Ta waje kuwa ihu ya kaure, ana "Innalillahi! Ku kawo agaji!" Samari suka hau yaye harawa da hannu. Abu na farko da na gani da haske ya dawo shi ne fuskar wata akuya a kan gilashin gaba, tana tauna, tana kallona.

Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ko ƙwarzane, motar ma ko fitila ba ta fashe ba, don a hankali muke tafe kuma Baba ya taka birki a kan kari. Aka buɗe ƙofofi muka fito, harawa a hula, harawa a aljihu, harawa har cikin kunne. Mata sun firfito daga cikin gida, yara sun kewaye mu. Sai maganganu suka fara tashi ƙasa-ƙasa, irin waɗanda ake yi don a ji.

"Ai girma ya zo."

"Da ma bai kamata a bar dattijo kamar wannan da tuƙi ba."

"Allah ya tsare, da hagu ya yi fa?"

Ba wanda ya ga abin da ya faru a cikin motar. Ita kanta Yaya, a daidai lokacin idonta yana kan matan da ke ɗaga mata hannu daga zaure. Mutum biyu ne kawai suka sani, ni da Baba.

Na dube shi. Yana tsaye yana kakkaɓe babbar rigarsa, bai ko kalli inda nake ba. Ya gama, ya gyara hula, ya sa hannu a aljihu ya zaro mukullin, da tsohon maɗaurin fatar da Inna ta ɗinka masa. Ya miƙa wa Yaya Binta.

"Alkawari ne, Binta. Karɓi."

Kai! Ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi a ƙirji. Na daka tsalle tsakaninsu na ce, "A'a! Wallahi ba shi ba ne! Ni ne! Ni na fizge sitiyarin!"

Kun san abin da ya biyo baya? Wani dattijo cikin dangin ango ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro. Haka ake son ɗa, ya rufa wa mahaifinsa asiri." Jama'a suka amsa da amin. Liman ya gyaɗa kai yana cewa a samu irin wannan tarbiyya a zamanin nan sai an tona. Wani ma har ya kama hannuna yana girgizawa.

Na ce, "Ba rufin asiri ba ne, wauta ce! Ni na yi!"

"Allah sarki," in ji wata tsohuwa, "ji yadda yake son ubansa."

Ban taɓa sanin mutum zai iya shan wuya haka wajen tabbatar da sakarcinsa ba. Ina rantsuwa ana sa min albarka. Yaya kuwa ta riga ta karɓi mukullin, idonta ya ciko, ta ce, "Auta, ya isa. Na san kana son ka kare shi." Sai a sannan na tuna da abin da ke ɗaya hannunta.

"Yaya, wayar! Don Allah, don Annabi, ki kunna wayar nan kowa ya gani!"

Ni da bakina na roƙa. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake rufe fuska.

Ta kunna. Baffa Sule ya matso, liman ya matso, dattijon da ya sa min albarka ya sa tabarau. Sai ga fuskata ta cika waya, hula a karkace, ina kaɗa yatsa: "Ba ya son ƙarfi. Ba ya son hannu biyu. Zamanin kama-kama ya wuce, ya wuce har abada." Sai muryar Baba, "To, bismillah." Sai ga ni na zabura kamar an tsikare ni, na cije leɓe, na zare ido, na rungumi sitiyari. Sai tafin takalmana biyu suna kallon rufin mota.

Baffa Sule ne ya fara. Ya yi wata ƙara kamar an shaƙe shi, ya dafe ciki, ya zauna daɓas a kan harawarsa. Shi ma ya taɓa zama ɗan kama a zamaninsa, ya san komai. Daga nan wuri ya ɓarke. Waya ta riƙa yawo hannu zuwa hannu, daga tabarmar maza ta shiga cikin gida, na jiyo shewar mata har da guɗa. Dattijon nan ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe da gaske kake." Akwai tsofaffin ɗalibaina a cikin abokan ango, suna ta ƙoƙarin gimtse dariya suna cewa, "Sannu, Malam." Na yi tsuru-tsuru a tsakiyar fili, ganyen gyaɗa yana lilo a gemuna, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Yaya Binta ta sake kallon bidiyon ita kaɗai, a nitse, tun daga farkon tafiyar. Sannan ta je gaban Baba ta durƙusa, ta miƙa masa mukullin da hannu biyu.

"Baba, riƙe abinka. Wanda ya taka birki da mutum kwance a kan ƙafarsa, ba ni ce zan hana shi tuƙi ba." Ta juyo ta harare ni. "Wancan ne za a karɓe wa kujera."

Aka ɗaura aure lafiya, Baba ya ba da Rabi da muryarsa tar kamar ba abin da ya faru. Da sanƙira ya tashi shela, bayan ya gama da ango da amarya, sai da ya ƙara da cewa a taya Malam Auta addu'a Allah ya sanyaya masa hannu. Amin ɗin da aka amsa ta fi ta ɗaurin auren ƙarfi.

Da la'asar, kafin mu tafi, na sami Baba shi kaɗai yana tsince sauran harawa daga gaban motar. Na tsuguna ina taya shi, na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Da fa shi ke nan an sayar da ita."

Ya ce, "Surukai suna wurin, ɗalibanka suna wurin. Ni in an ce na kasa, wa zai yi mamaki? Kai kuwa gobe za ka shiga aji."

Na ci gaba da tsintar ganye.

Da za mu hau, Yaya ta shige gaba ta naɗe hannuwanta cikin mayafi. Ni aka tura ni baya, aka ɗora min ƙwaryar nono da matar Baffa ta ba mu, cike har baki, aka ce in ya zube ni zan yi bayani. Baba ya tayar da mota, ya juya ta a filin nan da hannu ɗaya, jama'a suna tafi. Muka tunkari tsamiya. Ya rage gudu, ya gyara zama, ya ce, "To, bismillah."

Hannuwana suka zabura. Nono ya fallatso min a gaban sabuwar shadda.

Na ɗaga kai na ga idon Baba a madubi, yana dariya ƙasa-ƙasa. Motar ta sha kwanar sumul. Sai da muka miƙe hanya ya ce, "Auta, ka daɗe kana kama min. Allah ya yi maka albarka. Yanzu kuma ka huta."

Washegari na kai motar wajen Ɗanlami ya rage laushin nan zuwa tsakiya, ban yi lacca ko ɗaya ba. Yau Uwar Ɗaki ba ta kwana biyu a gindin darbejiya. Baba ya koma zuwa ta'aziyya da suna da kansa, ranar Juma'a yana kwasar tsofaffin unguwa zuwa masallaci, 'yan gwangwan sun daina biyowa ta lungunmu. Abin da na koya kuwa, na ɓata damina guda ina gyaran sitiyari, na gargaɗi duk mutanen Karaye, ban taɓa tunanin in gargaɗi hannuwana ba. Yanzu an yafe min, ana barina in zauna gaba wani lokaci. Amma da na hango kwana nake tura hannu biyu ƙarƙashin cinyata in danne su, in bar tsohon ya yi tuƙinsa.